Kankaren da ke jure wuta: inda masana'antu ke amfani da shi, da yadda za a gyara murhun boila da shi

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ne ke kula da wani ƙaramin kamfanin gyaran shinkafa a Jihar Kebbi. Boilar da muke turara shinkafa da ita, buntu muke ƙonawa a murhunta. Bangon murhun ya zube ta gefe guda, sai muka kira magini ya cike wurin da siminti da yashi da tsakuwa, har da rodi ya sa, amma ko wata biyu ba a yi ba wurin ya tsattsage ya koma gari. An ce mini akwai wani kankare na musamman da manyan masana'antu ke amfani da shi, wanda wuta ba ta ci. Mene ne shi, a ina ake amfani da shi, kuma zai yi mana aiki?"

Wa'alaikumus salam warahmatullah. Malam, abubuwa uku ka tambaya a dunƙule: dalilin da ya sa kankaren maginin naku ya lalace, ko wane irin kankare ne aka ba ka labarinsa, da kuma ko ya dace da murhun da ke ƙona buntun shinkafa. Kankaren yana nan, a kasuwa ana kiransa kastabul, kuma zai yi muku aiki. Sai dai ina so ka riƙe wani abu tun daga farko, domin a kansa amsar tawa ta ginu: buhun kastabul shi kaɗai ba ya gyara murhu. A ayyukan da na duba a tanderu daban-daban, yawancin bangon da ya zube ba kayan ne suka kasa ba, ruwan da aka kwaɓa su da shi ne ya yi yawa, ko kuma wutar farko ce aka hura da gaggawa.

Abin da wuta ke yi wa simintin gini

Maginin naku bai yi ha'inci ba, ya yi aiki ne da kayan da ba a yi su don wuta ba. Simintin da muke gini da shi, wanda Joseph Aspdin ya yi wa rajista a Ingila a 1824, ƙarfinsa daga ruwa yake samuwa. Idan aka kwaɓa shi, ruwan yana shiga jikinsa ya haɗu da sinadaran da ke ciki, su zama wani irin manne da ke riƙe yashi da tsakuwa. Wato ruwan bai tafi ba ko bayan kankaren ya bushe, yana nan ɗaure a cikinsa, kuma shi ne wuta ke fara nema.

Da zafi ya kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, ruwan da ke kwance a ƙananan ramukan kankaren zai fara tafasa ya fice. Daga wajen digiri 300 ƙarfin kankaren zai fara raguwa a zahiri, wani lokaci ma launinsa ya koma ja-ja. Babbar ɓarnar tana faruwa ne tsakanin digiri 450 zuwa 550. Akwai wani sinadari na farar ƙasa da simintin gini ke samarwa da yawa yayin da yake ƙamewa, to a wannan zafin ne yake rabuwa da ruwansa ya koma ƙonanniyar farar ƙasa. Idan kuka kashe wuta da dare, wannan ƙonanniyar farar ƙasa sai ta jawo danshin iska ta sha, ta kumbura, ta tsaga kankaren daga ciki. Shi ya sa sau da yawa bangon yakan yi kamar lafiyarsa lau muddin wuta na ci, sai bayan ya huce a ga yana marmashewa a hannu.

Yashi da tsakuwa ma suna da nasu laifin. Yashin rafi da dutsen da ake fasawa a yi tsakuwa cike suke da ma'adinin kwats, wanda a digiri 573 yake sauya tsarin jikinsa farat ɗaya ya kumbura, idan ya huce kuma ya koma. Kowace ƙwayar tsakuwa tana tura abin da ke kewaye da ita kullum safe da yamma. Shi kuwa rodi, wanda magini ya sa da kyakkyawar niyya, ya fi kankaren miƙewa idan ya ji zafi, don haka yana tsaga shi a tsawonsa, sannan a wajen digiri 550 zuwa 600 ya riga ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Murhun buntu kuwa yakan yi aiki ne tsakanin digiri 800 zuwa 1000. Ka ga ke nan babu ko ɗaya daga cikin kayan huɗu da aka zuba da zai iya zama a wurin.

Abin da ya bambanta kankaren wuta

Kankaren wuta ya sauya duka biyun, da simintin da tsakuwar. Simintinsa ana yin sa ne da dutsen farar ƙasa da boksait, wato ƙasar da ake tace alminiyam daga cikinta, wadda ƙasar Gini ke da ita da yawan gaske. Wani masani Bafaranshe mai suna Jules Bied ne ya yi masa rajista a 1908 yana aiki da kamfanin Lafarge, kuma abin da ya nema a lokacin shi ne simintin da ruwan ƙasa mai gishirin salfet ba zai ci ba. Daga baya aka gano yana jure wuta, saboda idan ya ƙame ba ya fitar da wancan sinadari na farar ƙasa da ke kumbura. Wanda aka fi sani shi ne Ciment Fondu, mai duhun launi, wanda kusan kashi 40 cikin 100 nasa alumina ce, wato sinadarin alminiyam da ke cikin boksait. Akwai masu kashi 50, da masu 70, da masu 80, kuma yadda alumina ke ƙaruwa haka launin ke yin fari, jurewar zafi ke ƙaruwa, kuɗi ma ke ƙaruwa.

Amma siminti ɗan kaɗan ne a cikin buhun. Mafi yawan abin da ke ciki tsakuwa ce, kuma ita ce ke yanke iyakar zafin da kankaren zai ɗauka. Ka'idar ita ce a yi amfani da abin da wuta ta riga ta gama da shi. Masu ginin tukwane sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke daka tsingaron tsohuwar tukunya su cuɗa a sabon yumɓu don kada ya fashe wajen gashi. Haka masana'antu ke yi: suna gasa yumɓu mai kyau a zafi mai tsanani su farfasa shi, ko su niƙa bulon wuta, ko su gasa boksait, ko su narka alumina zalla. Fondu da farfasasshen bulon wuta yakan kai wajen digiri 1200. Farin simintin alumina da tsakuwar alumina zalla yakan kai digiri 1800. Akwai kuma nau'i mara nauyi da ake yi da ma'adinai masu kumfa irin su famikulait da falait, wanda aikinsa tare zafi ne kada ya fita waje, ba shi da ƙarfin tsayawa gaban harshen wuta ko gogayya.

Akwai wani hali na wannan kankare da ya kamata ka fahimta. Da farko shi ma da ruwa yake ƙamewa kamar kowane siminti. Idan aka fara hura wuta ruwan zai fita, ƙarfinsa ya ragu, ya kai mafi rauni a tsaka-tsakin zafi, kamar daga digiri 500 zuwa 900. Idan zafin ya haura wajen digiri 1000 sai simintin da garin tsakuwar su fara mannewa da juna su zama abu guda kamar gasasshen bulo, ƙarfin ya dawo. Wannan ne dalilin da ya sa sayen kastabul mai lambar digiri 1800 don murhun da ba ya wuce 900 ba ƙarin tsaro ba ne, asarar kuɗi ce, domin wutar ba za ta taɓa kai shi inda zai gasu ba. Don magance wannan rauni ne aka fito da nau'in mai ƙarancin siminti tun wajen shekarun 1970, wanda ake cike guraben da ke tsakanin tsakuwa da gari mai laushin gaske na silika (sinadarin da ya fi yawa a cikin yashi) da alumina. Ruwan da yake sha bai wuce kashi 4 zuwa 7 cikin 100 na nauyinsa ba, alhali na gargajiya yakan sha 9 zuwa 14. Ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ba ya yafe kuskure wajen kwaɓi da busarwa.

Inda masana'antu ke amfani da shi

Masana'antar siminti ita ce misalin da ya fi kusa da mu, tun da akwai ta a Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka a Gombe, da Obajana a Kogi, da Gboko a Binuwai, da Malbaza a Nijar. Zuciyar kowace daga cikinsu wani dogon bututun ƙarfe ne mai juyawa, inda ake gasa garin dutse har digiri 1450 da harshen wutar da ke kai wajen digiri 2000. A daidai inda wutar ta fi tsanani ba kankare ake sawa ba, bulo ne na wani ma'adini da ake kira magnesiya, domin har yanzu shi ya fi dacewa da wurin. Amma sauran wurare da yawa kankaren wuta ne: doguwar hasumiyar da ake ɗumama garin a cikinta kafin ya shiga bututun, da bakin bututun inda jajayen dunƙulen gasasshen garin ke zubowa, da jikin bututun da ke feso wutar, da bangon ɗakin da ake sanyaya dunƙulen. Dalili kuwa shi ne waɗannan wurare suna da lanƙwasa da kusurwoyi da ƙofofi, yanka bulo don ya dace da su aiki ne mai cin lokaci, kuma kowace gaɓa tsakanin bulo da bulo ƙofa ce ga ƙura mai zafi. Kankare kuwa ana zuba shi ya ɗauki siffar wurin ba tare da gaɓoɓi masu yawa ba. A hasumiyar, abin da ke cin bango ba zafi ba ne kawai, gishirin fotash da ke tashi da hayaƙi yana kutsawa cikin kankaren ya kumbura shi, ga kuma gari da ke liƙewa yana toshe hanya. Saboda haka a can ana zaɓen kastabul mai sinadarin silikon kabaid, wanda ke hana liƙewa.

A masana'antar ƙarfe abin ya fi tsanani. Narkakken ƙarfen da ke fitowa daga babban tanderu a wajen digiri 1500 yana bin wata kwata ce da aka zuba da kankaren alumina da silikon kabaid da gawayi, ana kuma gyara ta a kai a kai saboda ƙarfen da dattinsa suna zaizaye ta. Manyan tukwanen da ake ɗaukar ƙarfe a cikinsu a digiri 1600, da tsakiyar murfin tanderun lantarki, duk ana yawan yin su da kastabul. Kamfanonin da ke murza rodi, irin waɗanda aka kafa a Katsina da Jos da Oshogbo, suna da tanderun da ke mayar da sandunan ƙarfe jajur a wajen digiri 1200 kafin a murza su, kuma rufinsa da bangonsa da dandamalinsa wuraren aikin wannan kankare ne.

Alminiyam kuwa yana koyar da darasin da nake so ka lura da shi. A digiri 660 kacal yake narkewa, zafin da kowane kastabul zai ɗauka cikin sauƙi, amma yana daga cikin abubuwan da suka fi lalata bango. Idan ya narke yana da tsinkewa sosai, yana kutsawa cikin ƙananan ramuka, ya ƙwace iskar oksijin daga silikar da ke jikin kankaren, ya bar wani ƙullutu mai taurin gaske da ke girma yana tsaga bangon. Don haka masu narka shi suna sayen kastabul da aka sa wa sinadarin da ke hana alminiyam manne masa. Lambar zafin da ke jikin buhu ba ta faɗa maka komai a kan wannan. Dole a tambayi abin da zai taɓa bangon, ba zafin da zai kai kawai ba.

A matatun mai, irin ta Kaduna da aka buɗe a 1980 da ta Dangote a Lekki, akwai sashen da ake fasa mai mai nauyi ya koma fetur ta hanyar wani gari mai kama da yashi, wanda ke zagayawa cikin bututai da gudu a zafin da ke kai wajen digiri 700. Zafin ba shi ne matsalar ba, gogayya ce, domin garin yana kankare bango dare da rana. A irin waɗannan wurare ana walda wata ragar ƙarfe mai idanu kamar saƙar zuma a jikin bututun, a cusa kankare mai taurin gaske a kowane ido da hannu, kaurinsa bai fi inci ɗaya ba. A masana'antar takin zamani kuma, inda iskar haidurojin ke ratsa tanderu da zafi, ana neman kankaren da kusan babu silika a cikinsa, saboda wannan iska tana kwashe silikar ta kai ta gaba ta toshe na'urori.

Sauran wuraren suna da yawa: tukwanen tururi na tashoshin lantarki da na kamfanonin sukari masu ƙona tuƙar rake, da tanderun ƙona sharar asibiti da ake so ya wuce digiri 850, da bututan hayaƙi, da daɓen ma'aikatun da narkakken ƙarfe ke fantsama. Har dandamalin harba roka ana shimfiɗa shi da kankaren alumina, kuma a Afrilun 2023 duniya ta ga iyakarsa, lokacin da rokar Starship ta farfasa dandamalinta a Texas ta yi watsi da guntayen kankare, aka koma sa farantin ƙarfe mai fesa ruwa a ƙarƙashinta.

Akwai wurin da ba a sa shi, kuma ina jan kunnenka a kai domin na ga masu sha'awar yin hakan idan buhuna suka yi saura. Ba a zuba ginshiƙi ko linta ko rufin kankare da simintin alumina. A wuri mai ɗumi da danshi tsarin jikinsa yana sauyawa a hankali, ya zama mai ramuka, ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Rufin wasu gine-ginen makarantu ya rufta a Ingila a 1973 da 1974 saboda haka, har aka daina amfani da shi wajen ɗaukar nauyin gini a can. Kankaren wuta riga ce da ake sa wa tanderu daga ciki, nauyin kuwa ƙarfe ko bangon waje ne ke ɗauka.

Abin da ya dace da murhun buntu

Buntu makamashi ne mai wuyar sha'ani. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce, kuma mafi yawan tokar silika ce mai kaifi. Idan fanka ce ke hura buntun cikin murhu, bangon da ke fuskantar bakin hurawar yana shan gogayya kamar ana goga masa yashi kullum. Tokar kuma tana ɗauke da fotash, wanda idan wuta ta yi yawa yakan sa ta yi danƙo ta liƙe a bango, sai ma'aikaci ya zo da sandar ƙarfe yana sassaƙa, ya ɓamɓaro har da bangon. Sannan ga kashewa da kunnawa: babbar masana'anta takan yi watanni wutarta ba ta mutu ba, ku kuwa wataƙila kullum sai murhun ya huce ya sake ɗaukar zafi, kuma wannan ya fi gajiyar da bango fiye da zafi mai ɗorewa.

Zaɓi uku ne a gabanka. Na farko shi ne a sake gina wurin da bulon wuta da turɓayar da ake gina shi da ita. Idan bangon miƙaƙƙe ne kuma asalinsa na bulo ne, wannan hanya ce mai kyau, ba ta buƙatar doguwar busarwa, kuma ni ita nake fifitawa ga bakan rufin murhu muddin akwai maginin da ya iya ta. Na biyu shi ne kastabul na buhu. Ga yawancin bangon, nau'in gargajiya mai nauyi, mai alumina kashi 40 zuwa 50, wanda aka rubuta yana kai digiri 1350 zuwa 1400, ya wadatar. A daidai inda buntu ke bugawa kawai za ka sa mai tauri, mai alumina kashi 60 zuwa 70. Idan da hali, a sa zubi mara nauyi a bayansa, domin zafin da ke tsira ta bango buntu ne kuke ƙonawa a banza, ga kuma wahalar da ma'aikatan da ke tsaye kusa.

Na uku shi ne ku haɗa da kanku: awo ɗaya na Fondu, awo huɗu na dakakken bulon wuta, rabinsa mai laushi kamar yashi, rabinsa tsakuwar da ba ta wuce girman gyaɗa ba. Yana aiki, kuma ya fi araha, amma akwai tarko a ciki. Tsofaffin bulon da ake sayarwa a matsayin kwashe daga manyan masana'antu ba duka ne na yumɓu ba. Idan ka samu mai nauyi sosai, mai duhu ko ruwan ƙasa, mai yiwuwa na magnesiya ne, wanda ke kumbura idan ya sha ruwa, kuma ya riga ya sha gishiri a inda ya yi aiki. Wanda aka daka irinsa a cikin kwaɓi ya yi gyaran gangar Abzinawa. A nemi bulo mai launin rawaya-rawaya na yumɓu, a sassaƙe duk fuskar da ta yi ƙyalli ko ta sha toka, a kuma jiƙa dakakken tun daren jiya a tsane shi, don kada ya shanye ruwan simintin.

Wajen lissafi, kastabul mai nauyi yakan ci wajen kilo 2200 a kowace mita ɗaya mai tsawo da faɗi da zurfi. Bango mai tsawon mita 2 da tsayin mita 1.5 da kaurin santimita 15 zai ci kusan tan ɗaya, wato buhu 40 masu kilo 25, sai ka ƙara uku ko huɗu saboda zubewa. Ka duba ranar da aka yi shi, domin yawancinsu daga wata shida zuwa shekara ne ingancinsu, kuma duk buhun da ka ji dunƙule mai tauri a ciki ya sha danshi, kada ka karɓa.

Zubi, da ruwa, da wutar farko

A fara da fasa duk abin da magini ya zuba, a fitar da rodin, a bi tsohon bangon har inda yake da lafiya. A yanke gefen ramin yadda cikinsa zai fi bakinsa faɗi, don sabon zubin ya maƙale. Zubin da bai kai kaurin santimita 7 ko 8 ba ba ya daɗewa. Idan akwai farantin ƙarfe a baya, ana walda masa ƙugiyoyi masu baki biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba 304, ko 310 inda zafi ya fi, tazarar kamu ɗaya ko fiye kaɗan tsakaninsu, tsayinsu kuma kashi biyu cikin uku na kaurin zubin. Ana shafa musu kwalta siririya, domin idan ta ƙone ta bar wa ƙarfen ɗan sararin miƙewa, tun da ya ninka kankaren miƙewa fiye da sau biyu. Kada a zuba bango mai faɗi a dunƙule guda. A raba shi gida-gida, kowane gida kamar mita ɗaya, a sa kwali a tsakani, wanda zai ƙone ya bar gurbin numfashi.

Kayan aiki su zama masu tsabta sarai. Ɗan ragowar simintin gini a baro ko shebur ya isa ya sa kastabul ya ƙame a hannunku kafin ku kai shi bango. Ruwan ya zama wanda za a iya sha, kuma a auna shi da ma'auni bisa abin da takardar kayan ta ce, ba da ido ba. A nan ne nake yawan samun saɓani da magina, domin kwaɓin da ya yi daidai a idonsu ya bushe da yawa, hannunsu na ƙaiƙayin ƙara ruwa. Gwajin da muke yi a wurin aiki shi ne a dunƙula kwaɓin kamar ƙwallon fura, a cilla shi sama kamar tsayin kamu ɗaya da rabi a cafe. Idan ya wargaje, ruwa bai isa ba. Idan ya baje ya bi ta tsakanin yatsu, ruwa ya yi yawa. Wanda ya yi daidai zai zauna a tafin hannu, ya ɗan ɗauki shatin yatsu. Kowane ɗan ƙarin ruwa rami ne zai bari a cikin bangon bayan ya fita. A kwaɓa abin da za a iya zubawa cikin minti 20 kawai, a girgiza shi da injin girgiza kankare har kumfa ta daina tasowa, kuma kada a shafe fuskarsa sumul da cokalin gini, domin ta nan tururi zai fita. A zafin Kebbi na watan Afrilu, da asuba ake wannan aiki, buhuna a inuwa, ruwa mai sanyi. Bayan zubi simintin alumina yana yin zafi da kansa, don haka a rufe shi da leda ko jiƙaƙƙen buhu na awa 24, musamman lokacin hunturu da iska ke busar da komai, sannan a cire katako a bar shi ya sha iska na wani yinin.

Saura wutar farko, wadda ita ce ke yanke hukunci. Ruwa idan ya zama tururi yana neman wurin da ya ninka nasa kusan sau 1700. Idan fuskar bangon ta yi zafi da sauri alhali cikinsa na jiƙe, tururin ba shi da mafita, sai ya fasa kankaren da ƙara kamar harbin bindiga, ya yi jifa da guntaye. Na taɓa ganin zubi mai kyau, na kaya masu tsada, ya tarwatse cikin awa guda saboda mai wurin yana da odar da yake son cikawa, ya ce a buɗe wuta gaba ɗaya. Tsarin da aka saba bi shi ne a hura 'yar ƙaramar wutar itace, a kai zafin digiri 110 zuwa 150 a tsaya a nan, awa ɗaya ga kowane inci na kauri, wato awa shida ga bangon santimita 15, kuma idan har ana ganin tururi kada a ƙara wuta. Daga nan a riƙa hawa da digiri 20 zuwa 30 a awa, a sake tsayawa a wajen 300 zuwa 350, a sake a wajen 550 zuwa 600, sannan a kai zafin aiki. Abin zai ci kwana biyu ko kusa da haka. Ba a yin sa da ƙiyasi, ka sayi ma'aunin zafi mai waya da ake zurawa cikin murhu, kuɗinsa bai kai na buhu kaɗan ba. Boilar ta kasance da ruwa a matakinsa duk tsawon lokacin, kuma kada kowa ya tsaya a saitin ƙofar murhu. Masu fasa tsohon bango da masu kwashe toka su sa takunkumi na gaske, domin ƙurar silika tana taruwa a huhu ba ta fita.

Bayan an fara aiki za ka ga siraran tsaga kamar gashi idan murhun ya huce. Waɗannan ba aibu ba ne, suna rufewa idan ya ɗau zafi, kada a cusa musu komai. Abin da zai tsawaita ran bangon shi ne a rufe ƙofofi da hanyar iska idan an tashi aiki don ya huce a hankali, kuma a hana kowa watsa ruwa a toka tana cikin murhu.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa ke nan, domin zaɓen nau'i da kauri na ƙarshe sai an ga murhun, an auna zafinsa yana aiki, an kuma karanta takardar bayanin kayan da za a saya, wadda tsarin busarwar da ke cikinta ya rinjayi wanda na kawo a sama. Sannan akwai abin da ya fi bangon muhimmanci. Boila tukunya ce mai matsin tururi, kuma kun yi makonni kuna aiki da bango a fashe. Idan harshen wuta ya taɓa wani sashe na ƙarfenta da bangon ke karewa, mai yiwuwa ya yi laushi ko ya kumbura. Kafin a zuba sabon kankare a rufe wurin, ka kira mai duba boila mai lasisi ya ga ƙarfen da idonsa, ya auna kaurinsa, ya yi gwajin matsi da ruwa.